Makau Maƙerin Akwati da Injin Ban Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari an yi wani maƙeri, sunansa Makau. Akwatin ƙarfe yake ƙerawa, irin na zuba tufafi. Duk abin da ya fito daga hannunsa sai da kusurwa huɗu, har kujerar zamansa. In ka nuna masa ƙwarya sai ya taɓe baki ya ce aikin ragwaye ne. Mutumin kirki ne fa, amma taurin kai kam ba a magana.

Yana da lambun albasa a bakin rafi. Wata shekara ruwa ya ja baya, jigo ya daina kaiwa, albasa ta fara yaushi. Albasar nan kuwa da ita gidansa ke ci har damina. Hankalin Makau ya tashi. Sai ya ce zai ƙera injin da zai jawo masa ruwa.

A wancan zamani ba wanda ya san yadda cikin inji yake. Abin da Makau ya sani shi ne akwai ƙarfen da ke hawa da sauka in wuta ta tura shi, wato fistin, akwai kuma gidan da yake kai-komo a ciki, wato silinda. Sai gogan naku ya ƙera su masu kusurwa huɗu, akwati a cikin akwati. Ya kai bakin rafi, ya zuba mai, ya ja igiya. Inji ya yi tari sau biyu, hayaƙi ya zurare ta kusurwoyin nan huɗu, sai shiru.

To, a ɗan ruwan da ya rage akwai wani Kwaɗo. Tun da ya ga injin yake cikin damuwa, don in aka zuƙe ruwan ina zai zauna? Sai ya leƙo ya yi wa Makau sannu da aiki, ya ce ai kusurwar ce ta yi yawa, ya rage ɗaya.

Makau ya koma maƙera, ya kwashe yini yana dukan ƙarfe, ya yi mai kusurwa uku. Ya ja igiya. Inji ya ɗauka, ya yi zafi, sai silinda ta tsage daga lungu har ƙasa. Ranar fangali biyu na albasa suka ƙone.

Kwaɗo ya sake leƙowa, har da jajantawa, munafukin. Ya ce to ashe ƙari abin yake so, a yi takwas. Makau ya yi takwas. Ya ja igiya, fistin ya ɗan karkace, kusurwa ta cije kusurwa, ya maƙale. Ya ja, ya ja, har igiya ta tsinke ya faɗi zaune.

Sai ya dawo maƙera ya zauna ya yi tagumi. Baƙin ciki ya cika masa ciki, ga kunya, don yara sun ga faɗuwarsa. Can sai ya ji ana magana daga saman azara. Ashe Zanzaro ce, tana ginin ɗakinta na laka.

Ta ce, "Malam Makau, ka taɓa ganin lungu a ɗakina?"

Ya ɗaga kai ya duba, ya ce a'a.

Ta ce ita ma da can ta taɓa yin gini mai lungu, nan ya fara tsagewa. Ta ce wuta in ta tashi turi, ko'ina take turawa. Abu zagayayye kowane gefe yana ɗaukar rabonsa daidai, amma lungu shi ke tara zafi, shi ke buɗe wa iska ƙofa. Zagayayye kuma ko ya juya bai da inda zai cije.

Makau ya ce, "Shekara talatin ina ƙira, yau kuma mai kwaɓa laka ce za ta koya mini?"

Ta ce, "To ka zauna da shekarunka, albasa ta zauna da ƙishinta."

Maganar ta yi masa zafi, amma gaskiya ce. Sai ya tashi ya hura wuta. Yana juya ƙarfe yana gogewa, yana juyawa yana gogewa, har ya yi sumul kamar taɓarya. Ya yi masa gida daidai shi, ya sa masa zobe don ya toshe iska.

Ya kai rafi, ya ɗaura sabuwar igiya, ya ja. Sai inji ya ce tat-tat-tat, ya ɗora bai tsaya ba. Ruwa ya hau, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Makau ya tsoma ƙafafunsa a ciki yana ta murmushi shi kaɗai. Kafin kwana biyu albasa ta miƙe, ban da fangali biyun nan da suka riga suka tafi.

Shi kuwa Kwaɗo, da ya ga rafi bai ƙafe ba, ga lambu ya yi danshi, ƙwari sun cika shi, sai ya lallaɓo yana neman gafara. Makau ya ce ya shigo ya ci ƙwari iya cikinsa, amma in ya ƙara buɗe baki a kan aikin ƙira, zai ga guduma.

Tun daga ranar, duk injin da kuka buɗe, fistin da silinda zagayayyu za ku tarar. Ku kuma, in za ku karɓi shawara, ku fara duba mai ba ku ita, ko a cikin ruwan da kuke son ja yake zaune.

Ƙurunƙus, kan ɗan kwaɗo. Ku tashi haka nan.