Mai Zuba Siminti a Akwatin Wuta

An yi wani mutum mai gyaran kwamfuta, kowa Injiniya yake ce masa. Allah ya ba shi hannu. Shagonsa ƙarami ne a ƙarƙashin bene, amma mutane ba sa yankewa.

Ya 'yan uwa, a cikin kowace kwamfutar tebur akwai akwatin ƙarfe mai fanka, shi ke karɓar wuta daga bango ya raba wa sauran kayan. Mai kyau nauyi gare shi, na banza kuwa kamar gwangwanin da aka shanye. Saboda haka masu saye sukan ɗaga a hannu su ji nauyi kafin su yarda. Injiniya ya lura da wannan. Sai ya riƙa sayo na banza, ya kwance, ya manna dunƙulen siminti a ciki, ya liƙa masa takardar babban kamfani.

Matarsa ta taɓa tarar da shi yana kwaɓa simintin a tsakar gida. Ta ce, "Maigida, gini za ka yi mana a cikin gwangwani?" Ya ce, "Ke dai je ki duba tukunyarki."

Wata rana wani mai ɗaukar hoto ya kawo kwamfutarsa. Ƙanwar mai hoton ce ke haɗa masa bidiyo a ɗakin ciki na shagonsa, kuma na'urar ta yi mata nawa. Yana so a sa mata babban furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Injiniya ya duba allon ciki ya ga zai karɓa. Ya ce, "Amma wannan ƙwaƙwalwa ci gare ta, tsohon akwatin wutarka ba zai iya ciyar da ita ba." Wannan gaskiya ya faɗa. Sannan ya miƙo mai siminti. Mai hoto ya ɗaga, ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan ai sai da ɗan dako!" Ya biya yana godiya.

Ba a daɗe ba ya dawo. Ya ce kwamfutar tana mutuwa da kanta in aiki ya yi nauyi, kuma ƙanwarsa tana jin ƙaurin roba. Injiniya ya san abin da ke narkewa a ciki. Akwatin kirki yana nan a kan kanta, hannu kawai zai miƙa. Amma in ya canza, ai ya tona wa kansa asiri. Ya ce, "Haba yallaɓai, sabon kaya ne, ƙamshin kamfani ne. Wutar layinku ce ba ta da kyau."

Wa ya rufe masa baki a ranar? Wa ya riƙe masa hannu?

Da rana tsaka abin ya faru. Yarinyar tana aiki, akwatin ya fashe a gefen ƙafarta. Wuta ta kama zanenta, ta haye labulayen da ake ɗaukar hoto a gabansu. Ƙofar ɗakin ɗaya ce, kuma labulen yana bakinta. Maƙwabta suna jin ihunta suna dukan bango da taɓarya. Da aka fito da ita, fatar hannunta ta biyo hannun wanda ya ja ta. Ta kwana biyu tana kiran uwarta, sannan ta cika. Allah ya ji ƙanta, yarinya ce mai kunya.

Bayan an binne ta, yayan ya shiga tokar shagonsa yana tonawa. Ya ga akwatin ya tsage, siminti ya leƙo. Bai yi kuka ba. Ya ɗauka ya nufi ƙarƙashin bene.

Injiniya yana sunkuye yana ɗaura waya ya ji an ce, "Ɗaga ka ji nauyi." Kafin ya ɗago an sauke masa a fuska. Haƙoransa suka zube a kan tebur. Mai hoto ya danne masa hannun dama a bakin kanta ya yi ta bugawa har yatsun suka daina kama da yatsu. Jama'a suka taru za su raba, sai wani ya fasa akwati ɗaya daga kan kanta, siminti ya faɗo. Aka fasa na biyu, haka. Masu rabon suka koma dukan Injiniya. Da ƙyar 'yan sanda suka janye shi, ido ɗaya ya tsiyaye.

Yau mai hoto yana gidan yari. Uwarsu ta rasa biyu a wata guda. Injiniya yana raye, matarsa ce ke ba shi abinci a baki, kuma in ya ji ƙaurin girki sai ya fasa ihu.

Ya 'yan uwa, ha'inci ba ya tsayawa a kan wanda aka cuta. Mai saye bai ga cikin akwati ba, amma Allah ya gani. Duk wanda aka kawo wa aikin da shi kaɗai ya san cikinsa, to ran mutane aka ɗora masa a hannu. In ka riga ka yi kuskure kuma aka dawo maka da kayan, ka ji kunyar rana ɗaya ka gyara.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye 'ya'yanmu daga hannun wanda ba ya tsoronsa. Amin.