Nomau da Kunyar Ɗan Fari

An yi wani mutum a wani gari can da daɗewa, masaƙi ne, sunansa Nomau. Bawan Allah ne mai kawaici, ko akuya ta ci masa zare ba ya ɗaga murya. Yana da ɗan fari, Ilu, wanda aka sa a makarantar allo.

To kun san al'adar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zaunar da shi a cinya. Uwa tana kunya, uba yana kunya. Yaro ya dawo daga makaranta baƙi ya shige masa duhu, ya je wajen uwa ta sunkuyar da kai, ya je wajen uba ya kau da fuska. Kullum sai kuka, har ya fara ɓoye allonsa a bayan rumbu.

Ku saurara! Ran nan da la'asar Nomau yana saƙa a ƙofar gida, dattawa zaune ana hira, sai ga Ilu ya jawo allo. Ya tsaya gaban ubansa, ya ɗora yatsa a kan baƙi, ya ce, "Baba, wannan mene ne?"

Kowa na jira ya ji an ce, "Kai, tafi wajen kakarka." Nomau ya ajiye ƙoshiyar saƙa, ya ce, "Zo nan, Ilu." Da sunansa fa! Ya ɗora shi a cinya, ya ce, "Wannan ba ce. Ka ga ɗigonta a ƙasa?"

Kafin magariba zance ya zaga gari. Washegari sai ga Goggo Dije, ƙanwar mahaifin Nomau, ta taso daga ƙauyensu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Nomau, ka zubar mana da mutunci. Ba ni yaron nan in riƙe, tunda kunya ta ƙare maka."

Nomau ya durƙusa, ya ce, "Goggo, akwai malami a ƙauyen?"

Ta ce, "Akwai awaki."

Ya ce, "To ki yi haƙuri. Ki ce in ba ki rigar wuyana, in tuɓe yanzu. Amma Ilu yana nan, kuma gobe zan koya masa sin."

Ta ce, "Ni da gidanka har abada!"

Ya ce, "Ni kuwa da naki kullum, Goggo. Amma ranar da za a tambaye ni a lahira, a kan ɗana za a tambaye ni." Ya ɗauki ƙunshinta ya raka ta har bakin gari, yana hawaye, bai janye maganarsa ba. Ya rasa goggo, ya rasa girma a idon dattawa, yaro kuwa ya daina ɓoye allo.

Jama'a, kunyar da za ta bar ɗanka cikin jahilci ba kunya ba ce, sakaci ne. Nomau al'ada ya ture. Kai fa, malam, me ya tare ka? Waya? Majalisa? Yaro ya kawo maka littafi, ka ce, "Je ka wajen uwarka," uwar ta ce, "Ina aiki." Wallahi abin yana ba ni haushi! Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau in ka koma gida ya ce, "Baba, wannan mene ne?" ka ajiye abin da ke hannunka, ka zauna.