Rijiyar Sha-ka-jira

Tun kafin a ja layi a ƙasa a ce nan Nijar, can wata ƙasa, lokacin da raƙuman dawa suka fi mutane yawa a ƙasar Arawa, an yi wata mace ana ce da ita Cima. Ubanta maharbi ne, Anaruwa sunansa. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, shi kuwa ba mai zaman jira ba ne, sai ya rataya wa 'yar kwari da baka tun tana shekara tara, ya sa ta gaba suka shiga daji. Har ta koma ga Allah ba ta iya kitso ba. Amma takan dubi sawu ta gaya maka na gwanki ne ko na mariri, jiya ya wuce ko yau da hantsi, a ƙoshe yake ko da yunwa. Maroƙa na ce mata: Cima ta Anaruwa, gawo mai inuwa da rani, mai jin maganar ƙasa.

Ƙasar nan sai wanda ya taka ta ya san ta. Arewa fako ne ja mai tsakuwa, bayansa rairayi har inda ido ya gaji, can makiyaya ke kai dabbobi da damina. Kudu ƙasar hatsi ce. Tsakaninsu wata doguwar fadama ta miƙe, an ce tsohon kogi ne da ya mutu ya bar ruwansa a ƙarƙashi, in ka haƙa gaba biyu sai ka taɓa laima. A wancan zamani babu mai zama cikinta sai zaki da jimina.

Shekarar da fara ta cinye hatsin garinsu, bayan rasuwar Anaruwa, Cima ta ja gida goma sha ɗaya ta nufi fadamar nan da su. Babba a cikin mazan shi ne Nomau, sarkin noma, mutum ne da ba a fin shi a bakin kunya, ba a kuma fin shi saurin fushi. Suka iso wani wuri mai gawo da yawa, ƙasa baƙa mai taushi. Wata hanya mai faɗi ta gangaro daga arewa ta ƙare daidai wurin, ba ciyawa a kanta.

Nomau ya tsaya ya ce, “Cima, wannan hanya ta wace dabba ce?”

Ta durƙusa ta duba. Ta ce, “Ta ɓauna ce. Naman dawa in ya ji hayaƙi zai sake hanya.”

A nan ta yi kuskure, kuma ba a ɓoye shi don ta zama kakar gari. Kofaton ɓauna da na sa 'yan uwan juna ne, ruwan farko kuma ya riga ya wanke bakin sawun. Da ta ce ban sani ba, da ba a yi asara ba. Amma wanda aka saba yabo, “ban sani ba” nauyi take yi masa a baki.

Suka haƙa rijiya a ƙarshen hanyar, suka kafa bukkoki, suka kewaye rijiyar da gonaki ta ko'ina. Damina ta yi albarka. Gero ya fitar da kai kamar damtsen ƙato, saura kwana goma a sa masa wuƙa.

Ran nan da azahar ƙasa ta soma rawa. Shanu ne, jajaye masu dogon ƙaho, sun fi dubu, garken wani Ardo Juli, suna saukowa daga arewa kamar yadda suke yi kowace kaka. Suka shaƙi ruwa suka zabura. Makiyaya na ihu suna duka da sanda, ko saniya ɗaya ba ta juya ba. Kafin la'asar rabin geron yana kwance cikin ƙasa. Wani cikin manoman ya saki kibiya, babban bijimin Ardo ya faɗi a bakin rijiya.

Nomau da Ardo suka tsaya gaba da gaba, gawar sa a tsakaninsu.

Nomau ya ce, “Ka ga abincin 'ya'yanmu a ƙarƙashin kofato?”

Ardo ya ce, “Kakana ya shayar a gurbin nan tun ba a haifi wanda ya haife ka ba. Wa ya ce ka shuka a kan hanya?”

“To, baɗi ka dawo. Kibiyar yau ba dafi, ta baɗi da shi.”

“Baɗi ina nan tafe. Ka yi wa bukkokinka rufin da ba ya cin wuta.”

Cima ta shiga tsakani ta ce, “Kada a nemi mai laifi da nisa, ga ni. Ni aka tambaya, ni na ce hanyar ɓauna ce.” Ta san abin da ke gaba: in kaka ta zagayo a haka, jini zai zuba, gida goma sha ɗayan da ta jawo da bakinta kuma ko su mutu ko su watse.

Ba ta zauna kuka ba, kuka ba ya tayar da gero. Da rani ya shigo ta ɗauki salkar ruwa ta bi hanyar nan arewa, don ta ga abin da ya kamata ta gani tun farko. Kwana uku tana tafiya, ba tafki, ba rijiya, ba ko tsagewar dutse mai ɗigo. Ran na uku harshenta ya kumbura, ta ji da za a nuna mata ruwa a bayan gonar uwarta, ta cikin gonar za ta ratsa. Nan ta gane. Ba mugunta ce ta kwantar da geronsu ba, ƙishirwa ce.

Ta juyo ta sami Ardo a mashekarinsa, inda ya sauka da garkensa can kudu. Ya dube ta sama da ƙasa.

“Ke ce Ba'arar da ba ta san sa da ɓauna ba?”

“Ni ce. Kai ne Bafillacen da shanunsa ba sa jin maganarsa?”

Ardo ya sa aka kawo mata nono. Da ta sha ta ce, “In shanunka suka sami ruwa tafiyar rabin yini kafin gonakinmu, za ka iya riƙe su har mu ɗaure dami na ƙarshe?”

“Saniyar da ta sha, da tsinke ma a riƙe ta. Amma wurin da kike faɗa fako ne. Ko ƙadangare da guzurinsa yake ratsa shi.”

“Wannan nawa ne. Kai dai ba ni bakinka.”

Ya ɗora hannu a kan sandarsa ya ba ta.

Da ta kawo maganar gida, Nomau ya ce, “Wadda ta ga ɓauna a sawun sa, yanzu ta ga ruwa a dutse. Ke je ki haƙa, ni zan dafa dafi. Mu ga wanda zai riga gamawa.”

Kwana bakwai tana zagaya fakon. An ce a rana ta bakwai ta iske wani tsohon raƙumin dawa tsaye shi kaɗai a tsakar rana, ba itace kusa, ya sunkuyar da dogon wuyan nan yana lasar wani suri. Ta matso, bai gudu ba, ya dube ta ya yi gaba a hankali. Ta fasa gefen surin da dagi ta cusa hannu, ta fito da yumɓu mai sanyi. Gara ba ta gini da busasshiyar ƙasa, daga inda ruwa yake take ɗauko laka komai nisansa. Wannan karon Cima ba ta yi saurin baki ba. Da aka tambaye ta ko akwai ruwa, sai ta ce, “Ban sani ba. Gara ta sani. Mu bi ta.”

Aka soma haƙa da bazara. Gaba goma na fari maza suka taya, da ruwa ya sauka suka koma gona, ba a kuma ga laifinsu ba, wanda bai shuka ba ba ya girbi. Aka bar Cima da mata shida. Ita ke ƙasa da dagi, su ke jan ƙasa da ƙwarya. A gaba goma sha bakwai suka ci karo da marmara, dagi na tsalle kamar an buga shi a maƙera. Ta sa aka zuba kirare a ramin aka cinna wuta, dutse ya yi ja, aka sheƙa masa ruwan da suka ɗauko a ka tun daga fadama, ya tsage. Haka suka yi ta yi, wuta, ruwa, dagi, wata guda cur a kan dutsen da bai fi tsayin mutum ba. Wani ayarin Buzaye masu gishiri ya biyo ta wurin, madugunsu ya leƙa ya ga mace a ƙasa, ya girgiza kai, ya kwance doguwar igiyar fata ya bar musu, ya ce in an sami ruwa a tuna raƙuma ma suna sha.

Damina ta ɗauke. Gero ya nuna. Rijiya ta kai gaba ashirin da shida, ƙasa na da laima, ruwa babu. Nomau ya jera mazansa a bakin gonaki, kowa da kibiya mai baƙin kai.

Da hantsin wata Laraba matan da ke bakin rijiya suka ji kukan shanu daga arewa. Ardo ya riga garken isowa da sauri, shi da 'yan makiyaya da wani babban sa da ba ya rabuwa da shi, ya leƙa ramin, bai ga komai ba sai duhu.

Ya yi kira, “Ke Ba'ara! Ina ruwan?”

Murya ta taso daga ƙasa, “Yana nan tafe. Kai dai baki ka kawo, ko da hannu ka zo?”

“Shanuna na bayana, kafin azahar sun iso. In suka wuce nan ba mai tsayar da su.”

“To, daina yi mini kiwo a ka. Matan nan hannunsu ya mutu. Ɗaura igiyar a wuyan sa, a ja ƙasa da sauri.”

Ardo bai taɓa ɗaura wa sansa igiyar aiki ba, abin kunya ne a wurinsu. Ya dubi arewa, ya dubi tafin matan nan duk ya fashe. Ya sa aka kamo babban san nan aka ɗaura. Makiyaya biyu suka sauka suka karɓi dagi, ƙasa ta riƙa fitowa cikin gugan fata, wasaki bayan wasaki, fara, sannan toka-toka, sannan baƙa mai ɗigo. Rana na tsaka Cima ta karɓi dagin ta kafa shi a gindin wani farin dutse ta banƙare. Aka ji wani gurnani daga ƙasa kamar na zaki. Ruwa ya kama idon sawunta, ya kama gwiwa, kafin a jawo ta ya kai ƙirji.

Ba komin shayarwa, sai aka haƙa ramuka aka shimfiɗa fatu aka yi ta zubawa. Shanun suka iso a guje, suka shaƙi ruwa a gabansu, suka tsaya. Har la'asar ana ja suna sha. Cima na zaune a ƙasa, laka har gira, ta ɗebo ƙwarya guda ta miƙa wa Ardo.

Ta ce, “Sha, ka jira.”

Ya sha, ya jira. Kwana goma sha ɗaya garken na fako, ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba. Ran da aka ɗaure dami na ƙarshe, Cima ta je wurin Nomau ta ce a buɗe wa shanu gonaki su ci kara.

Nomau ya ce, “Su sha ruwanmu, su kuma ci karanmu? Sai mu ba su 'ya'yanmu su haɗa.”

“Karan me za ka yi da shi, tuwo? Bar su su kwana a gonar, ka ga abin da za su bar maka.”

Ya yarda da ƙyar, yana gunaguni. Da damina ta zagayo, inda shanu suka kwana gero ya fi mutum a kan doki tsayi. Ba a ji Nomau ya ce Cima ta yi gaskiya ba, ba irinsa ba ne. An dai gan shi ya haƙa rami ya binne tukunyar dafi, da kaka kuma shi ya fara aika wa Ardo cewa gonarsa ce ta fi kusa da hanya. Shi da kansa ya ja da gonarsa baya ya bar burtali, ya dasa aduwa a gefensa don kada jikoki su manta iyaka.

Gari ya kafu a bakin sabuwar rijiyar, aka sa masa Sha-ka-jira. Aka so naɗa Cima sarauta ta ƙi, ta ce rawani ba ya jan guga. Ta raba abin uku: gona ta sarkin noma, garke na ardo, rijiya da ranar sakin gonaki na mace, wadda ake kira uwar rijiya. Zabarmawa suka zo suka zauna, Buzaye suka mai da wurin zango, Barebari suka kawo kanwa. Nasara ya zo da kwamandansa ya tafi, aka sami 'yancin kai, aka yi masu mulki iri-iri a birni, wannan tsari bai motsa ba.

Har yau in kaka ta yi, garke na tsayawa a bakin rijiyar. Ba a buga gangar sakin gonaki sai uwar rijiya ta zagaya da ƙafarta ta ga dami na ƙarshe a ɗaure, ko da takarda ta zo daga hukuma an sa rana. Ardon zamani kan zo ya tsaya a kanta yana cewa, “Ke Ba'ara, sai yaushe? Shanuna sun rame.” Ita kuwa ba ta ko ɗaga kai. Takan ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙa masa, shi ya san sauran.