Tikitin Yini a Wuyan Baba

Akwai wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyaran waya, wanda abokansa ke kira Sarkin Dabara. Sunansa na yanka ya kwanta mini, kamar yadda abubuwa da yawa ke kwanta mini yanzu. A gidansu dai Auta ake ce masa, mu ma sai mu kira shi haka.

Mahaifinsa tsohon mai gyaran keke ne. Ta kai tsufa ya zo masa, ba ta ƙafa ba. Da farko makulli yake mantawa, sannan hanyar gida, sannan sunayen jikoki. Har babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, wani lokaci in ta kawo masa abinci sai ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙuwa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɓace masa ba. Ko tarin Auta ya ji daga ƙofar gida, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ga yarona nan."

Shi ya sa da aka samu labarin wani likitan ƙwaƙwalwa a wata ƙasa mai nisa, 'yan'uwa suka haɗu a kan Auta ne zai raka shi.

A filin jirgi Yaya ta ja shi gefe.

"Buɗe kunnenka ka ji ni. Asibiti aka aike ka, ba sari ba. Na san halinka, kai ko gawa ka raka sai ka taya makarar."

"Haba Yaya! Babana ne fa."

"Namu ne. Amana muka ba ka."

Suka sauka a wani babban birni mai sanyi, inda mutane ke tafiya da sauri kamar an biyo su, ba mai kallon wani. Likita ya duba Baba, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kansa, aka ce su dawo bayan 'yan kwanaki su ji sakamako. Kafin su fita, likitan ya sa tafinta ya gaya wa Auta magana ɗaya.

"Kada a bar shi shi kaɗai a wurin da bai sani ba. Abin da ya rage masa kaɗan ne, kuma firgita ɗaya tana iya tafiya da shi."

Auta ya gyaɗa kai. Amma tun a cikin mota, hanyarsu ta zuwa asibitin, ya hango babbar kasuwar kayan waya, hawa kan hawa, kuma zuciyarsa tana can.

Washegari ya tafi kasuwar da Baba. Abin bai yi ba. Baba sai ya taka kaɗan ya zauna a kan matakala, ko ya tsaya gaban keken wani yana matsa taya da yatsa yana cewa iskar ta yi ƙasa. Aka koma masauki ba a sayi ko allura ba.

Ya gwada barinsa a ɗaki ya kulle. Da ya dawo, ya tarar famfo a buɗe, ruwa har ƙarƙashin ƙofa, mai masaukin tsaye tana huci. Ta nuna Baba, ta nuna ƙofar fita. Wannan ba ya bukatar tafinta.

To a nan ne Auta ya ga tikitin.

A bangon tasha aka manna tallarsa. Ya haska rubutun da wayarsa ta fassara masa. Tikitin yini ne: ka saya da safe, ka hau bas, ka hau jirgin ƙasa, ka sauka, ka sake hawa, iya son ranka har ranar ta ƙare. Ga rangwame ga baƙi, ga wani rangwamen kuma ga tsofaffi.

Sannan ya lura da wata bas mai zagaye. Daga ƙofar kasuwa take tashi, ta kewaya gari, ta dawo ƙofar kasuwa. Cikinta da ɗumi, kujerunta masu laushi.

Auta ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce a ransa, ga ɗaki mai taya, ga mai raino da ba ya gajiya, kuma duk a kuɗin shayi.

Ni da na yi yawon neman karatu a garuruwa da dama, na koyi abu guda: baƙo ko da idonsa makaho ne. Abin da ya gani sau biyu sai ya ɗauka kullum haka yake.

Da safe ya sayi tikiti biyu. Ya huda ɗaya, ya zura masa igiya, ya rataya wa Baba a wuya kamar laya. Ya zaunar da shi a kujerar baya kusa da taga, ya sa masa ƙaramar waya a aljihu, ya ɗora masa burodi da ruwa a cinya.

"Baba, ka zauna nan. Kada ka sauka. Duk wanda ya yi maka magana, ka nuna masa wannan katin."

"Ina za ka?"

"Nan kusa. Yanzu zan dawo."

Baba ya kama hannun rigarsa. "Kada ka tsallaka titi kai kaɗai."

"To Baba."

Ya zare hannun a hankali ya sauka. Ya riƙe lambar da ke jikin motar a kansa.

Dabarar ta yi aiki. Da rana ya tsaya a ƙofar kasuwa, motar ta zo, Baba yana nan inda aka ajiye shi. Ya sauko da shi, ya kai shi ya kama ruwa, suka yi salla, suka ci abinci, ya mayar da shi. Da yamma ya ɗauke shi suka koma masauki.

Yaya ta kira.

"Ina Baba?"

"Ga shi nan lafiya lau. Yau har gari ya zaga."

"Da wa?"

"Da wa kuwa?"

Yaya ta ce, "Muryarka irin ta ranar da ka sayar da akuyar Inna ce. Ba ni shi."

Baba ya karɓi waya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Motar nan ba ta isa. Ana ta tafiya, ba a isa."

Auta ya karɓe wayar da sauri ya ce layin ba kyau.

Rana ta biyu ma haka aka yi. Sai dai da ya zo ɗaukarsa, ya tarar Baba ya manna goshi a gilashi, hannuwansa biyu riƙe da katin, har igiyar ta yi masa shaida a wuya. Suka koma ɗaki. Can Baba ya ce, "Na yi ta ganin yara a hanya. Ba kai a ciki."

Maganar ta dami Auta. Amma kaya sun kusa haɗuwa, saura ciniki ɗaya, babba.

A rana ta uku, ko ta huɗu ce, wanda ya ba ni labarin ya faɗa amma ya shige mini, gari ya wayi da hadari. Sama ta yi baƙi tun safe, ba ta zubar ba, ba ta washe ba.

Lokacin da ya saba fita ya yi, Auta yana hawa na biyu a shagon wani dillali, ciniki ya kai inda in ka tashi wani zai zauna. Ta taga ya hango motar ta tsaya a ƙofar kasuwa. Ya ga hular Baba. Ya ga fuskarsa a jikin gilashi tana duban masu wucewa ɗaya bayan ɗaya. Kamar ma ya ɗaga hannu.

Auta ya miƙe rabi. Dillalin ya turo masa na'urar lissafi da sabon farashi.

Ya koma ya zauna. Ya ce a ransa, ai zagaye take, za ta dawo.

Da ciniki ya faɗa, ya sauko yana murmushi, ya tsaya a tasha. Bas ta zo, ba ita ba ce. Wata ta zo, ba ita ba ce. Ya leƙa ta uku, ya leƙa ta huɗu. Iska ta fara kaɗa takardu a kan titi.

Ya kira wayar Baba. Ta yi ta ƙara. Ya sake kira. A karo na uku aka ɗauka, muryar wata mace ce, da harshen da bai sani ba, kuma bayanta tsit, ba ƙarar inji, ba hayaniyar fasinja.

Abin da Auta bai sani ba shi ne, hanyar ce mai zagaye, ba motar ba. Kowace mota tana da lokacin da za a cire ta daga layi a kai ta gareji, a sauke kowa, wata ta maye gurbinta.

Da taimakon wani direba ya gano garejin, can bayan gari. Motoci jere, babu kowa a ciki. Matar da ta ɗauki wayar mai shara ce. Ta kai shi kujerar baya. Ga waya, ga gorar ruwa, ga hula. Babu Baba.

Ta yi magana a cikin wayarsa, wayar ta fassara. An sauke fasinjoji a tashar ƙarshe. Tsohon ya ƙi sauka, yana ta nuna katinsa, yana riƙe da ƙarfen kujera, sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa. Da ya sauka ya juya ko'ina yana kiran wani suna. Sannan wata bas ta tsaya, ya nuna kati, ya hau.

"Wacce? Ina ta nufa?"

Matar ta buɗe hannuwa. Daga wannan tasha motoci suna tafiya kowace kusurwa.

A nan ne Auta ya gane abin da ya rataya wa mahaifinsa. Da tikitin tafiya ɗaya ne, da an tsayar da shi a ƙofar farko, da wani ya tambaye shi ina za shi. Amma wannan katin ba ƙofar da ba ya buɗewa. Ba mai tare wanda tikitinsa ke da kyau.

Ruwa ya sauko.

Auta ya yi ta hawa yana sauka da nasa tikitin, yana nuna hoton Baba ga duk mai kayan aiki, yana bar musu lambar wayarsa. Wani direba ya ce ya gan shi, ya sauka a tashar jirgi. Mai tsaron tashar ya ce ƙwarai, ya wuce, katinsa lafiya. Duk inda ya isa, sai a ce yanzu ya bar nan. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, sunan Yaya a kai, ya kasa ɗauka. Jakar samfurin kayan da ya yi ciniki ma bai san a wace mota ya bar ta ba.

Sai dab da magariba aka kira shi daga ofishin motocin. An ga wani tsoho a ƙarshen wani layi, kusa da wata makarantar yara.

Ya same shi tsaye jikin shingen makarantar. An tashi tun tuni, filin babu kowa sai ruwa kwance. Wata mai sayar da furanni ta riƙe masa lema, ta yafa masa mayafinta. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Ya rungume burodin nan na safe a ƙirji, ya jiƙe, ko gutsura bai yi ba.

Auta ya ruga ya durƙusa a gabansa.

"Baba! Baba, ga ni. Ka yafe mini."

Baba ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa, da ladabi, irin duban da yake yi wa Yaya in ta kawo abinci.

"Bawan Allah, kana jin Hausa? Alhamdu lillahi. Don Allah ka taimake ni. Yarona ne ya ɓace. Ɗan ƙarami ne, a gaban keke nake ɗaukarsa. Ya ce mini yanzu zai dawo."

"Ni ne, Baba. Ni ne Auta."

Baba ya yi ɗan murmushi ya girgiza kai.

"A'a. Nawa ba ya daɗewa haka." Ya gyara riƙon burodin. "Bai ci komai ba tun safe."

Likita ya yi abin da zai iya. Suka koma gida. Yaya ba ta yi faɗa ba, ba ta ce na gaya maka ba. Ta dubi ƙanenta sau ɗaya a filin jirgi, ta kama hannun Baba suka wuce.

An ce mini Baba ya rayu shekaru bayan haka, kuma Auta ne ya ɗauke shi ya kai shi gidansa. Shi ke masa wanka, shi ke ba shi abinci a baki. Abokai suka daina kiransa Sarkin Dabara, don ba ya amsawa.

Kowace safiya, in ya shigo ɗakin da ruwan alwala, Baba yakan ɗaga kai da sauri, ya dubi ƙofa, sannan hasken fuskarsa ya koma.

"Sannu da ƙoƙari, bawan Allah. Har yanzu ba labarin yaron?"

Shi kuma ya ajiye buta ya ce, "Ana nan ana nema, Baba."

Darasi: Iyaye ba kaya ba ne da za a ba dabara ajiyarsu. Abin da tsoho ke bukata a wurinka ba kujera mai laushi ba ce, fuskarka ce, kuma ba ka san ranar da zai dube ta ya gane ta karo na ƙarshe ba. Ciniki in ya wuce wani zai zo, amma akwai motar da in ta wuce ba ta dawowa. 'Ya'yana, ku tura wannan ga duk wanda ke da tsoho a gida, tun ana ce masa "ga yarona nan."