Jatau Mai Rabin Lambu

Jama'a, ku matso kusa, na baya ku bar hira haka nan. A wani gari can da daɗewa, wanda sunansa bai dame mu ba, an yi wani mutum, wani bawan Allah, ana ce masa Jatau. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne, manomin albasa ne. Garin a kan tudu yake, lambun Jatau kuwa yana can gangare cikin kwari, kuma Allah ya ba shi rijiyar da ba ta san rani ba. Tun da safe zai kama jigo, doguwar sandar nan mai nauyi a gindi da guga a baki, yana dannawa yana ɗagowa, ruwa na bin fangali har ƙarshen lambu.

Wata shekara damina ta yi gardama. Gero bai yi ba, dawa ba ta yi ba. Abin da gidan Jatau zai ci har wata daminar, albasar nan ce kawai. Sai ya ƙara faɗin lambun, ya riƙa yini a kan jigo.

Ran nan da rana tsaka, lokacin da ko tsuntsu ya nemi inuwa, ya ga ruwan na zuwa da laka. Ya ɗaura igiya a jikin gungumen jigo, ya sauka don ya yashe rijiyar. Wanda ya taɓa shiga rijiya a cikinku ya san yadda take. Sanyi ya kama ka, sama ta koma kamar faifai, numfashinka ma ka ji shi kamar na wani ne. Yana kwasar laka da ƙwarya, har hannunsa ya kai idon ruwan, wani ɗan rami a jikin bango. To, ku saurara.

Sai ya ji ƙarar guga. Ba daga sama ba, daga cikin ramin nan. Ya ji guga ya faɗi a kan taɓo, irin faɗuwar da ba ruwa. Ya ji an ja igiya, an sake saki. Sannan murya ta fito a hankali, kamar mai ita na tsaye a bayan kunnensa.

"Yau ma babu. Ya Allah, ko rabin tulu ne."

Ya yi a'uziyya. Abin da ya fi razana shi, ya san muryar. Iya Azumi ce, wata tsohuwa da ke can ƙarshen gari, nisan da ko ihu ka yi ba za ta ji ba. Da aljani ne ma da sauƙi, ka yi addu'a ka kama gabanka. Wannan mutum ce, yana gaishe ta duk Juma'a.

Washegari bai taɓa jigo ba. Da la'asar ya bi ta ƙofar gidanta, ya yi sallama, ya roƙi ruwan sha.

Ta miƙo masa moɗa cike, ta ce, "Ka zo a sa'a, ɗan nan. Yau rijiyar ta tuna da ni."

Kashegari ya koma ya ja ruwa kamar yadda ya saba, rana na take tsaka ya sake sauka. A wannan karon ba tsohuwar kaɗai ya ji ba. Guga nan, guga can, duk a kan taɓo, da muryoyin matan unguwa suna tsaki. Nan ya gane. Ruwan da ke ƙarƙashin garin ɗaya ne, rijiyarsa ce a gindinsa, abin da yake zuba wa albasa daga tulunan mutane yake fitowa.

Ya zo gida ya gaya wa matarsa Tabawa. Ta ce, "Maigida, wa ya gan ka? Rijiyarka ce, da hannunka ka haƙa ta. Ka dubi rumbu, ka dubi yaran nan. Kuma in ka kuskura ka faɗi wannan magana a waje, ɗaure ka za a yi a yi maka turare."

Ya ce, "Ba wanda ya gan ni, Tabawa. Amma ni na ji."

Kada ku zage ta. Ba muguwa ba ce, uwa ce mai kallon yunwa a idon 'ya'yanta. Da yawanmu da ke zaune nan, da mu aka tambaya, abin da za mu ce ke nan, har mu ƙara da hujja.

Jatau ya tsaya a tsakiyar lambu, ya ja layi da ƙafarsa. Wannan ɓangare zai sha, wancan ba zai sha ba. Yana gani albasar da ya dasa da hannunsa ta yi rawaya, ta kwanta, ta bushe. Ya yi kuka, jama'a, kuka na hawaye, don ya san abincin gidansa ne ke mutuwa. Shekarar nan sun sha wuya. Rama da tafasa suka riƙe su, tuwo kuwa sai ran da aka dace.

Daga nan ya mayar da abin al'ada. Rana ta take tsaka, ya sauka ya kasa kunne. In ya ji guga na faɗawa cikin ruwa, ya hau ya ci gaba da ja. In ya ji taɓo, ya ɗaure jigo ya tafi gida, ko da albasa na kukan ƙishi. Mutanen gari kuwa, kun san halinmu, suka sa masa suna Jatau mai rabin lambu. Ga rijiya kamar kogi, ga mutum ya kasa cika lambu. Har Iya Azumi ta tare shi a hanya ta ce, "Ɗan nan, lalaci bai kamace ka ba. Ka ji tsoron Allah ka yi wa iyalinka aiki."

Ya durƙusa ya ce, "To, Iya."

Haka aka yi ta tafiya. Iya Azumi ta rasu ba ta sani ba. Jatau ya tsufa, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, lambu ya koma hannun ɗansa Sallau, wanda ya tashi da haushin sunan nan. Sallau ya nome lambun kaf, ya kafa jigo na biyu. Albasa ta yi kyan da ba a taɓa gani ba, a cikin gari kuwa rijiyoyi suka fara ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Jatau na kwance a zaure yana jin wucewar mata, ya kuma san ƙarar tulun da ba komai a ciki. Da ya ji an fara zancen ƙaura, sai ya sa aka ɗora shi a jaki aka kai shi kwari da tsakar rana.

Ya ce, "Sallau, sauka."

"Baba, ai ba ta yi laka ba."

"Sauka dai. Ka sa kunnenka a idon ruwan."

Sallau ya sauka. Tsohon ya zauna yana kallon igiya, ba iska, ba motsi. Can sai ya ga igiyar ta fara rawa. Sallau ya fito fuskarsa kamar toka, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Me ka ji?"

"Baba, garin ne gaba ɗaya a ciki. Na ji Lantana."

Lantana matarsa ce, tana gida da tsohon ciki.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Tana ta sakin guga tana ja, tana haki." Ya ɗago kai ya dubi ubansa. "Tun yaushe kake jin wannan?"

"Tun kana goye."

Sallau ya tashi ya kwance guga daga jigon. A ranar ya je gaban dattawa ya faɗi komai, aka yanka wa kowane mai lambu ranar jan ruwa da ranar hutu. Ruwa ya dawo a hankali, amma ba duka ba, wasu rijiyoyin sun tafi ke nan. Jatau bai ga cirar albasar shekarar ba, Allah ya karɓi abinsa.

To, jama'a, ga darasin a fili. Abin da ke hannunka ba duka ne naka ba, kuma mutumin kirki shi ne mai barin haƙƙin wani a inda ba mai ganinsa sai Allah. Yau ba jigo muke ja ba. Burtsatse muke haƙawa, kowa na gasar zurfi, injin ban ruwa na kuka daga safe har magariba. Rijiyar maƙwabcinka ta ƙafe a watan da ka kafa naka, ka ce fili naka ne, kuɗi naka ne. Ruwan ƙasa bai san katangarka ba. A cikinsa akwai rabon maƙwabci, akwai rabon dabba, akwai rabon jikokinka da ba a haifa ba tukuna, su kuwa ba su da bakin da za su kai ƙararka. Kada ka jira sai an jiyar da kai murya daga cikin rami. Gobe, kafin ka tayar da injin nan, ka taka gidan da ke bayan gonarka, ka yi sallama, ka tambaye su yadda rijiyarsu take. Allah ya ba mu ikon jin amsar, ya kuma ba mu ikon aiki da ita.