Firam Ɗin da Ya Hana Ƙofa Tafiya

Akwai wani magidanci, tsohon mai walda, da ke zaune da matarsa su biyu, gama 'ya'yansu duk sun yi aure. A ɗakin kwanansu akwai kabad na tufafi da aka gina a jikin bango. Ƙofofinsa masu buɗowa waje ne, suna rataye a kan firam na ƙarfe. Shi ya ƙera firam ɗin da hannunsa a shekarar da ya auri matarsa, yana kuwa alfahari da shi ƙwarai.

Ana nan sai matar ta yi ciwo, ɓarin jikinta ya shanye, ta koma zama a keken guragu. In ta matsa kusa da kabad, keken ya tare ƙofar. In ta ja da baya domin ƙofar ta buɗe, hannunta ba ya kaiwa. Macen da ta tufatar da gida duka, yanzu ko ɗankwali sai an miƙo mata. Wata rana mijin ya dawo ya same ta a gaban kabad tana share hawaye.

Sai ya tafi kasuwa ya sayo ƙofofi masu zamewa gefe, irin masu ƙananan tayoyi da ke gudu a kan siririyar hanya ta ƙarfe. Mai shagon ya ce masa, "Baba, sai ka cire tsohon firam gaba ɗaya kafin ka ɗora waɗannan."

Mutumin ya ce a ransa, "Me firam ya yi? Ko tsatsa bai yi ba." Ya cire tsofaffin ƙofofin, ya bar firam, ya shimfiɗa sabuwar hanyar a kansa.

Da ya tura ƙofar, ta tafi sumul, sai ta kai tsakiya ta tsaya cak. Ya maido ta, ya sāke turawa, ta sāke tsayawa. Abin ya ba shi mamaki. Ya ɗiga wa tayoyin mai. Ya sauke ƙofar, ya juya kowace taya da yatsa, duk suna juyawa lafiya. Ya kwantar da ita a ƙasa ya duba ko ta karkace, ya ga a miƙe take. Har ya fara zargin mai shago.

Matar tana zaune tana kallo. Ta ce, "Baban Kyauta, me ya sa kullum a wuri ɗaya take tsayawa?"

Ya ce, "Abin da nake ta tambayar kaina ke nan, Maman Kyauta."

Ta ce, "Daga nan inda nake, kamar hanyar ta yi tudu a tsakiya. Kai a tsaye kake, ba za ka gani ba. Durƙusa ka duba."

Ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa a ƙasa. Ashe ƙarfen gindin firam ya ɗan lanƙwashe da shekaru, sabuwar hanyar da ke kansa kuma ta bi lanƙwasarsa. Ya daɗe yana shafa ƙarfen. Ya ce, "Aikin hannuna ne wannan."

Ta ce, "Na sani, ya kuwa yi mana hidima. Amma ni zanena nake so in ɗauka da kaina."

Sai ya tashi ya ɗauko guduma da kurfi na saran ƙarfe. Aikin bai zo da sauƙi ba. Firam ɗin ya kama bango sosai, siminti ya yi ta ɓarewa, gumi ya jiƙe shi, bangon ya zama duk ramuka. Ya cike ramukan, ya jira suka bushe, sa'an nan ya shimfiɗa hanyar a kan daɓe. Matar ta sa hannunta mai lafiya ta tura ƙofar, ta tafi har ƙarshe. Ta ɗauki zanenta, ta yi dariya, ta sāke turawa don kawai ta ga tana tafiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, sababbin ƙofofin su ne sabon rai da Yesu Almasihu yake ba mu. Tsohon firam kuwa shi ne halin da muka ƙera wa kanmu tun da daɗewa, muka saba da shi har muna kiransa ƙarfinmu. Ga wani taurin kai ne, ga wani saurin fushi, ga wata riƙe mutum a zuciya. Muna so mu ɗora addu'a da waƙa da zuwa sujada a kansa, ba tare da an taɓa shi ba. Shi ya sa muke tafiya da kyau, sai mu kai wani wuri mu tsaya, mu fara neman laifin fasto ko na 'yan'uwa.

Ku lura, mutumin bai ga matsalar ba sai da ya saurari na kusa da shi, ya kuma durƙusa. Cirewar za ta yi zafi, za ta bar tabo, amma Ubangiji yana cike ramukan. Akwai kuma wani a gidanka da yake shan wahala muddin ka ƙi cire tsohon firam ɗinka.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, a makon nan ka tambayi kanka: a ina nake tsayawa kullum? In ba ka sani ba, tambayi wanda yake zaune da kai. Ya daɗe yana gani.