Igiyar Gwamma

A zamanin da babu sawu a tsibiran tabkin gabas sai na dorina, an yi wata maharbiya mai suna Gwamma. Ana yi mata kirari da Gwamma mai zago, suka ɗaya kin gama. Zago shi ne dogon mashin farautar dorina. Ita da mijinta Nomau suka fara kafa bukka a wani ɗan tsibiri mai goruba. Shi yake tuƙa mata jirgi, ba ta kuma taɓa waiwayawa ba, don ta san yana nan.

Ruwan tabkin duk kanwa ne, ba ya shayuwa. Wata rana ta bi wata tsohuwar dorina, ta ga ta tona yashi a gindin goruba ta sha. Gwamma ta sauke zagonta. An ce dorinar ta yi magana, ta ce ruwan daɗi kwance yake bisa na kanwa kamar mai bisa nono, wanda ya zurfafa zai tada na ƙasa.

Nan Gwamma ta haƙa rijiya, ta yanke igiyar guga daidai tsawon zago.

"Maigida, ga amanata," in ji ta. "Kome ƙishi, kada a ƙara."

Mutane suka taru, gari ya kafu. Daga baya damina ta fara saɓa alkawari, tabki ya ja baya har shanu suka iya takowa. Hakimin bakin gaɓa ya iso da garkensa, ya tarar Gwamma ta tafi farauta.

"Kai ke da gidan nan, ko igiya ke aurenka?" ya ce wa Nomau, yana dariya. "Shayar min da shanu, in naɗa ka Sarkin Ruwa."

Nomau ya yashe rijiyar, ya ƙulla wa igiya ƙari.

Da Gwamma ta dawo, ya tarye ta da sabon rawani da ƙwaryar ruwa. Ta kurɓa. Kanwa ta kama mata harshe. A bayansa mata na tsaye da tuluna, jarirai na kuka.

"Kamu ɗaya kawai na ƙara wa igiyar, Gwamma," in ji Nomau.

Tun aurensu bakinta bai taɓa kama sunansa ba, don kunya. Ran nan ta kira shi gaban kowa.

"Nomau. Igiyar da ka ƙara, ita ta tsinke tamu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ja matan garin zuwa ɗaya gefen tsibirin, suka haƙa ƙananan rijiyoyi barkatai, suka ja kunyoyin yashi masu tare ruwan sama, ta hana saran goruba. Garin ya rayu. Nomau ya bi shanu da rawaninsa. Ita ta koma tuƙa jirginta da kanta, an ce wani lokaci takan waiwaya.

Har yau a tsibirin, wanda ake kira Gungun Gwamma, ba a ɗaura aure sai ango ya auna igiyar guga da zago gaban amarya. Wanda ya ci amana, cewa ake ya ƙara igiya. Tsohuwar rijiyar tana nan, ba mai shan ta. Sunanta Rawanin Nomau.